Kafin Ka Sayi Tarakta, Nemi Sanin Gidan Mai Faci

An kwana ana ruwa, gari ya waye da laima daidai yadda manomi ke so. Tun da asuba kowa ya fita, mai shanun huɗa ya kora nasa, mai fartanya ya saɓa a kafaɗa. A wata gona kuwa da ke bayan gari, jar tarakta ce tsaye a tsakiyar fili, ta karkace gefe guda, tayarta ta baya a lotse, ruwa na tsiyaya daga jikinta. Haron da aka fara bai kai rabin kadada ba. Mai gonar, wani dattijo da ya ajiye aikin gwamnati bara, yana tsaye da sabuwar malafa a ka, waya a hannu.

"Ranka ya daɗe, kututturen ɗunɗu muka taka," in ji direban, yana sosa ƙeya.

"To a kira mai faci mana."

"Na bakin kasuwa ba ya taɓa irin wannan, Alhaji. Keke da babur yake yi. Wanda ya iya ta sai an je can cikin ƙaramar hukuma, kuma yau kasuwarsu ke ci, ba zai baro rumfa ba."

"Ko nawa ne zan biya."

"Ai ba ta kuɗi ake ba, Yallaɓai. Injin iskarsa ma sai an samo motar da za ta ɗauko shi."

Kafin taraktar ta miƙe, laima ta tafi, maƙwabta sun gama shuka, wasu ma hatsinsu ya fara huda ƙasa. Idan dattijon nan ya leƙa birni ranar Juma'a ya zauna a majalisar tsofaffin abokan aiki, labarin da zai bayar ba zai wuce wanda nake ji duk damina ba: ƙauye ba a iya masa, direbobi ba su da amana, kayan zamani duk jabu ne, gwamnati ta yi watsi da manomi. Kowanne daga cikin waɗannan yana da ƙanshin gaskiya. Amma ni dai a ganina, abin da ya kayar da shi ya fi haka ƙanƙanta, kuma ya fi haka sauƙin magani. Ya sayi injin, ya manta da duk abin da ke riƙe injin a tsaye. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

1. Masu komawa gida da jerin sayayyarsu

Mafarkin ma'aikaci ya koma gona ba yau ya fara ba. Tun shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Janar Obasanjo a 1976, da shirin bunƙasa noma na Alhaji Shehu Shagari a 1980, kusan kowane babban ma'aikaci a Arewa yana da wata gona a zuci, ko a Kadawa, ko a hanyar Saminaka, ko a garin kakanninsa. Abin da ya canza shi ne yanzu mafarkin ya koma larura. Daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, fansho ya daina kai mutum ƙarshen wata a Kano ko Kaduna ko Abuja. Wanda ya ga kuɗin buhun masara da na haya da na wuta, ya tuna akwai gonar gado da ƙannensa ke nomawa, dole zuciyarsa ta raya masa komawa.

Ban ga laifin wannan ba ko kaɗan. Inda nake da magana shi ne jerin da ake bi wajen kashe garatuti. Katanga ce farko, sai gida na bulo da jan kwano, sai tarakta, domin ita ce shaidar cewa noman zamani aka zo yi, ba irin na su kawu ba. Rijiya, da wurin ajiyar amfani, da hanyar da za a bi a shiga gonar a watan Agusta in rafi ya kawo, duk sai daga baya.

Na lura uwargida ta fi maigida iya tambaya a wannan gaɓar. Ita ce za ta ce, "Malam, ina za mu riƙa samun ruwa? In ciwo ya tashi da dare wane asibiti ne kusa? Autanmu wace makaranta za shi? Waya ma tana kamawa a can?" Maigida zai ce duk za a yi, sannan ya ci gaba da kallon hoton tarakta a waya. Ga kuma tambayar da ta fi kowace nauyi a 'yan shekarun nan, wato ta tsaro. Akwai yankuna a Zamfara da Katsina da Birnin Gwari da ba tarakta ba, ko fartanya ba a iya fita da ita cikin kwanciyar hankali, kuma mai sabon gida da jar mota a ƙofa shi ake fara hange. Wannan ba shawarar jarida ba ce, ta mutanen garin ce, su za su gaya maka gaskiya in ka zauna da su.

2. Abin da taya ke nema

Bari in daɗe a nan, domin nan ne kuɗi ke zurarewa ba a sani ba.

Ɗauki taraktar da ta fi yawa a gonakinmu, Massey Ferguson 375. A jikin tayarta ta baya galibi za ka ga an rubuta 16.9-30, a ta gaba kuma 7.50-16. Lambar farko faɗin taya ce da inci, ta biyu kuma faɗin da'irar wilin da take zama a kai. Mai tarakta da bai haddace waɗannan lambobi ba zai aika yaro Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a kawo masa tub ɗin da bai dace ba. In ya yi ƙanƙanta ya miƙe fiye da kima ya yi siriri, in ya yi girma ya naɗe a ciki, naɗin kuma shi ne hujin gobe. Akwai kuma lambar da ke nuna ƙarfin zaren da ke cikin taya, da wasu lambobi huɗu da yawancin kamfanoni ke bugawa na mako da shekarar da aka yi ta. In ka ga 2319, mako na 23 ne na shekarar 2019. Taya tana tsufa ko ba ta taɓa taka ƙasa ba, saboda haka wadda ta shekara da shekaru a rumfar ɗan kasuwa tana shan rana, haƙoranta cif, ba sabuwa ba ce sai a ido. Araha ba ta ado.

Sai iska. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ba tayar tarakta iska irin ta mota. Ƙaramar mota tana ɗaukar 30 zuwa 35 a geji. Tayar baya ta tarakta a cikin gona kuwa tsakanin 12 da 20 take nema, gwargwadon nauyin abin da take ja. Mai faci na bakin titi da ya saba da tayar tifa zai dura mata har ta yi tauri, ya buga ta da ƙarfe ya ji ta amsa, ya ce ta yi. Tayar da ta cika iska ba ta shimfiɗa ƙafa a ƙasa, sai ta riƙa santsi tana juyawa a wuri ɗaya, man dizal na ƙonewa, haƙoran tsakiya na cinyewa, ƙasar gona na danƙarewa. Kuma taya mai tauri ba ta lanƙwasa wa kututture, fashewa take yi. In kuma iskar ta yi kaɗan, gefenta ne ke tsattsagewa, ko ta zame a kan wili ta tsinke bawul. Gejin iska bai kai kuɗin lita kaɗan na man dizal ba, amma je ka duba akwatin kayan aiki na taraktoci goma, ka gaya mini a nawa ka same shi.

Ruwan da ke tsiyaya daga tayar dattijon nan da ta fashe ba na sama ba ne, da gangan ake zuba shi. Tarakta tana bukatar nauyi a baya domin ta kama ƙasa, shi ya sa ake juya taya har bawul ya koma sama, a dura ruwa zuwa daidai bakinsa, wato kashi 75 cikin 100, a bar sauran wa iska domin taya ta samu wurin numfashi. Taya mai lamba 16.9-30 tana shan fiye da lita 250. A ƙasashen sanyi irin su Kanada da arewacin Amurka sai sun haɗa ruwan da wani gishiri ko maganin hana daskarewa, gishirin kuma yana cin wili da tsatsa. Mu Allah ya hutar da mu wannan, ruwan rijiya ya wadatar. Sai dai a riƙa tunawa, taya da wili da ruwa in sun haɗu sun haura kilo 350, nauyin buhun masara uku da rabi ke nan a tsaye a kan baki ɗaya. Ba abin da za a ce wa yara biyu su mirgino ba ne.

Haƙoran taya ma suna da gaba da baya. An jera su ne a karkace domin su riƙa tunkuɗa taɓo waje yayin da taya ke juyawa, kuma akwai kibiya a gefe da ke nuna inda ya kamata ta fuskanta. In aka ɗaura ta a juye, taɓo zai cika tsakanin haƙoran, ta koma sumul, tarakta ta kafe a fadama.

Abin da ya fi cin taya kuwa ba noma ba ne, aikin rani ne. Da an gama girbi sai a ɗaura tirela, a shiga jigilar yashi da bulo da itace a kan kwalta, a ce kada mota ta zauna a banza. Haƙoran da aka yi domin ƙasa mai taushi, kwalta mai zafi a watan Afrilu tana goge su cikin ɗan lokaci. Ba na cewa kada a yi, domin kuɗin da ake samu na gaske ne. Ina cewa ne a cire kuɗin taya daga cikinsa kafin a kira shi riba. Wanda kuma ya ajiye tasa, ya nema mata inuwa, ya ɗaga ta a kan katako, ya kiyaye kada man dizal ko baƙin mai su riƙa ɗiga a kan roba, domin suna ruɓar da ita.

3. Aikin mai faci, da haɗarin da ba a faɗa

Mutanenmu sun raina faci. A idon mai kuɗi, aikin wanda bai samu abin yi ba ne. Amma tsaya ka kalli gwani yana gyara tayar baya a tsakiyar gona, za ka canza ra'ayi.

Sau da yawa ba ya ma cire wilin daga jikin tarakta. Zai sa a tare tayoyin gaba da duwatsu, ya shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin jak domin kada ya nutse a jiƙaƙƙiyar ƙasa, in ya ɗaga kuma ya tokare da kututtukan itace, domin jak shi kaɗai ba abin amincewa ba ne. Sai ya juya bawul ƙasa ya zubar da ruwa. Aikin da ya fi wuya shi ne raba bakin taya da wili, musamman in sun shekara a manne tsatsa ta haɗe su. Nan ne ɗan koyo ke sa guduma ya lanƙwasa wili ko ya yanke bakin taya, ya mayar da gyaran dubu kaɗan ya koma asarar ɗaruruwan dubbai. Gwani kuwa da ruwan sabulu da haƙuri yake bi, kaɗan-kaɗan, har ta saki.

In ya zaro tub ya gano huji, ba ya gaggawar liƙewa. Sai ya zura hannu cikin taya ya shafa ko'ina, domin ƙayar da ta yi ɓarnar tana nan a maƙale, in ba a cire ta ba gobe ma a dawo. Wannan kaɗai ya isa ya bambanta wanda ya iya da wanda bai iya ba. Daga nan ya kankare wurin, ya shafa gam, ya jira ya sha iska, ya ɗora faci ya danne. Wasu har yanzu facin wuta suke yi, da tsohon fistin da ake zuba wa ɗan mai a kunna, a matse shi a kan roba har ta narke ta haɗe, kuma in hannu ya iya, yana riƙewa. In jikin tayar ne ya yage, sai an sa faci mai zare daga ciki, in ba haka ba yagewar za ta riƙa cizon tub. Yagewar gefe kuwa, wadda wasu ke ɗinkewa da waya ko su ɗaure da noti, dabarar fita daga gona ce kawai, ba gyara ba.

Wurin mayar da iska ne ake rasa rai. Kamfanonin taya suna gargaɗin kada a wuce 35 a geji wajen zaunar da bakin tayar tarakta a kan wili. In an kai nan bai zauna ba, sai a sace iskar, a ƙara ruwan sabulu, a sake. Mu kuwa sai a ci gaba da durawa, mutum na tsugune a gabanta, yara sun kewaye suna kallo. Akwai masu zuba fetur a ciki su cilla ashana domin bakin ya zauna da ƙarfin fashewa. Akwai kuma masu kai wa mai walda wilin da ya tsage, taya na jikinsa, a ce ai an sace iska. Zafin walda yana sa robar ciki ta fara fitar da iskar da ke kamawa da wuta, taya kuma ta iya tarwatsewa ko bayan an ajiye kan walda. Duk mai tarakta da ya tsaya yana kallo aka yi ɗaya daga cikin waɗannan a gabansa, yana da kaso a alhakin abin da ya biyo baya.

Irin wannan gwanin ba ya da yawa, kuma a tsakiyar Yuni kowa nemansa yake. Wurin wa zai fara zuwa? Wanda ya san sunansa tun rani, ya je ta'aziyyar mahaifiyarsa, ya biya shi aikin bara ba tare da ja-in-ja ba. Baƙon da ya kira shi "kai mai faci" daga cikin mota, gilashi a rufe rabi, sai ya bi layi.

4. Gonar ma sai an shirya ta

Gonakin da aka gada, da fartanya da garmar shanu aka saba noma su. Sa yana ganin kututture ya kauce, mai fartanya ya zagaye. Tarakta ba ta gani, balle ma da dare. Kututturen ɗunɗu da na sabara da na kalgo da aka sare a karkace lokacin sassabe, kowanne tsini ne a binne. Ƙayar aduwa da ta farar ƙaya da ta bagaruwa su ne abokan gabar tayoyin gaba. Tushiyar auduga da ta dawa in sun bushe su ma suna yanka roba. Ga tsohon bakin garma da ƙarfen da aka manta a ƙasa tun zamanin kaka. Wanda ya ɗauki mutane a watan Maris suka bi gonar taki-taki, suka tone abin tonewa, suka kafa sanda mai tsumma a kan abin da ya gagara, ya sayi rabin lafiyar tayarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai dai a nan akwai wani abu da ke sa ni jinkiri. Waɗannan kututtukan da direba ke tsine wa, su ne 'yan'uwanmu na Maradi da Damagaram suka mayar da arziki. Tun shekarun 1980, lokacin da wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya yi aiki da manoman yankin Maradi, aka koma barin tohon kututture, a zaɓi reshe mai ƙarfi a rage sauran, har ya zama itace. Da haka miliyoyin kadada suka sake samun bishiyoyi ba tare da an dasa ba, ƙasa ta daina bin iska, mata suka samu itacen girki kusa. Saboda haka wanda ya zo daga birni ya ce a tumɓuke komai, har gawon da ke zubar da ganye da damina ya takince gona, domin tarakta ta samu miƙaƙƙen layi, ya yi wa tayarsa gata ya cuci ƙasarsa. A ƙasa mai yashi irin ta Daura ko Gumel ko Ɗanbatta, ni ina bayan itace. A bar su a jere, ko a bakin iyaka, a koya wa direba kewayawa.

Direban ma a duba yadda ake biyansa. In da yawan kadadar da ya yi ake ba shi, to gudu zai yi, zai kwana yana haro da fitila ɗaya, zai taka birkin gefe guda ya murɗe tarakta a kan kwana, taya na kuka. Ba mugunta ba ce, lissafin da ka ɗora shi a kai ne. Sa masa wani kaso da zai karɓa a ƙarshen damina in tayoyi sun fita lafiya, ka ga yadda zai riƙa sauka yana duba ƙasa.

5. Gwamnati ma irin sayayyar Alhaji take yi

Abin da mutum ɗaya ke yi da garatutinsa, shi gwamnatoci ke yi da kuɗin jama'a. Kowace sabuwar gwamnati sai ta jera taraktoci a filin wasa, an ɗaura musu ƙyalle, a yanka, a yi hoto. Je ka harabar ma'aikatar gona ko sakatariyar ƙaramar hukuma bayan 'yan shekaru, za ka same su a jere a wani salon, a kan duwatsu, ciyawa ta fito ta tsakiyarsu. Da yawa injinsu lafiya lau. Taya ce ta fashe, aka rubuta takardar neman kuɗi, takardar ta kwanta a tebur, aka ciri tayar wata aka sa wa wata, har duk suka zauna.

Da can ba haka muke tsirara ba. A shekarun 1970 aka kafa kamfanin Steyr a Bauchi yana haɗa taraktoci da manyan motoci, a Kano kuma akwai masana'antar haɗa motocin Fiat. Shirye-shiryen raya karkara na Funtua da Gusau da Gombe, da aka fara da tallafin Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970, sun zo da hanyoyin karkara da cibiyoyin hidima ga manoma. Taya ma ana yin ta a ƙasar nan. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina yin taya a Ikeja a 2008, duk da cewa itacen roba na nan a Edo da Delta da Kuros Riba. Yau tayar tarakta daga Indiya ko Sin take zuwa, da dala ake sayo ta. Dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 500 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, kuɗin taya kuma ya bi ta. Shi ya sa faci, wanda a da ake yi kafin a samu sukunin sayen sabuwa, yanzu shi ne abin dogaro.

Ban taɓa jin an yi bikin ƙaddamar da masu faci ba, don ba sa kyau a hoto.

6. Lissafin da ya kamata a yi a kan tabarma

Mai kadada biyar ko goma ba ya bukatar mallakar tarakta. Aikinsa na kwana kaɗan ne a shekara, sauran watanni kuwa yana ciyar da ƙarfe ne da direba. In zai saya, to ya sani ya shiga sana'ar haya ke nan, kuma sana'a ce mai zaman kanta, da littafinta da rigimarta da bashin da 'yan'uwa ba za su biya ba. In ba zai iya ba, ya yi haya kamar kowa, ko ta hannun mai tarakta na garin, ko ta irin tsarin Hello Tractor da ke haɗa manoma da masu motocin noma ta waya. Matsalar haya dai sananniya ce, kowa a rana ɗaya yake so. Maganinta kuma shi ne maƙwabta su haɗa gonakinsu a yi musu a jere, domin mai tarakta ya fi son inda zai wuni yana aiki da inda zai wuni a hanya. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da mai unguwa da dagaci, da zama a dandali bayan la'asar, abin da mai doguwar katanga ya fi ƙi.

Haka ma maganar iyaka. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar mallaka ta gargajiya a karkara, kuma yana da kyau a neme ta. Amma takarda ba ta san inda burtali ya bi ba, ba ta san cewa tsamiyar nan ta gidan wane ce ko da tana cikin gonarka ba. Faifan haro in ya ci taku biyu na gonar maƙwabci, ko ya rufe hanyar shanu, rigimar da za ta taso ta fi fashewar taya tsada. Dattawan gari ne suka san waɗannan, kuma ba sa faɗa wa wanda bai gaishe su ba.

Ko mai tarakta, ina ba shi shawarar ya ajiye shanun huɗa guda biyu, ko ya ƙulla da mai su. Gida biyu maganin gobara. Garmar shanu maƙerin gari ne ke gyara ta, ranar da aka kai masa. Shanun kuma suna ba da taki, in sun yi ƙiba a sayar a sayi ƙanana, a ci riba. A ɗakin ajiya kuma, kafin ruwan farko, a tanadi tub na gaba da na baya, da bawul, da gam da faci, da jak mai ƙarfi, da geji, da ƙaramin injin iska ko famfon ƙafa.

Ga gwamnatocin jihohi kuwa, buƙatata ƙarama ce. Duk kwangilar sayen tarakta a sa tayoyi da tub na canji a cikinta, a ajiye su a hannun wanda za a iya tuhuma in sun ɓace. A ɗauki kuɗin tarakta ɗaya tak daga cikin ɗarin da za a saya, a zaɓo matasa daga masu facin da ke bakin kasuwannin ƙauye, waɗanda tuni suka san roba, a kai su kwalejojin fasaha na jiha ko sashen injiniyan noma na Samaru su yi 'yan makonni suna koyon tayar tarakta da ƙa'idojin kare rai. A sallame su da jak da geji da abin raba bakin taya, da injin iska da zai hau bayan babur ya shiga gona. Da damina taraktoci za su riƙe su, da rani kuma ga tireloli da tifofin yashi da motocin da ke kwasar hatsi zuwa Dawanau.